Man Kifin Alƙali

Duk wanda ya yi mako guda yana aiki a gonar dawakin nan ya san doka ɗaya: Alƙali ba ya cin abin da Baba bai ɗanɗana ba. Ko sabuwar ciyawa ce, ko dusa daga sabon buhu, ko karas, sai tsohon ya ɗiba ya kai baki ya tauna a gabansa, dokin kuwa ya tsaya yana kallon muƙamuƙinsa har ya ga ya haɗiye, sannan ya sa kai a komi. Abin ya samo asali ne tun yana duƙushi, lokacin da ya ci hatsi mai fumfuna ya kusa sheƙawa. Da ya farfaɗo sai ya ƙi abinci sam, har sai da Baba ya ci ya nuna masa. Shekara ashirin da huɗu ke nan, kuma daga mutumin har dokin babu wanda ya ga dalilin dainawa. Sunan ma daga nan ya fito, don yakan daɗe yana duban abu kafin ya yanke hukunci, in kuwa ya yanke babu ɗaukaka ƙara.

Baba shi ne babban mai kula da barga. 'Yarsa ta fari ita ce likitar gonar. Ma'aikata suna ce mata Likita, shi kuwa Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci. A ɗan gidan da ke bayan barga aka haife ta, ta koyi tafiya tana riƙe da ƙyauren ɗakunan dawaki, ta tafi karatu ta dawo da farar riga, aka ba ta ɗakin gwaji a ƙarshen bargar, mai madubin likita da firji da wani tulun ƙarfe da ke fitar da farin tururi in an buɗe shi. Baba bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba. Ya ce wurin da doki ba ya shiga shi ma bai ga abin da zai kai shi ba.

Damuwar daga ƙafafun baya ta ɓullo. Alƙali ya fara jan ta hagu, da safe sai ya daɗe yana shawara kafin ya miƙe. Likitan ƙashi ya zo ya ɗauki hoto, ya ce gaɓoɓin sun cinye, in an yi sa'a wata biyar ko shida suka rage masa da zai iya ɗaga jikinsa a kan ƙafa biyu. Ingarman da ba ya iya miƙewa a kan ƙafafun baya kuwa, maganar haihuwa ta ƙare masa. Ga shi goɗiyoyin gonar duk jininsa ne, daga 'ya'ya sai jikoki, 'ya'yansa maza kuma an daɗe da dandaƙe su an sayar. Mai gonar, wanda ba ya tuna lema sai ruwa ya sauko, ya sayo wata jar goɗiya ta wani jini daga nesa, kyakkyawa mai dogayen ƙafafu, sai dai shekararta ɗaya tak. Kafin ta isa ɗaukar ciki sai an ƙara shekara biyu ko uku, Alƙali kuwa ba shi da su.

A ɗakin farko na bargar nan kakan Alƙali ya tsaya, a nan ubansa ya tsaya, kuma Baba ne ya share wa dukansu uku. Abin da yake so a duniya bai wuce ya ga ɗan Alƙali a ɗakin nan ba. Hanya ɗaya ce ta rage, a ɗebi irin dokin a daskarar da shi, a ajiye har jar goɗiyar ta girma. Iri suke cewa, shi da ita. Kalmar da ke rubuce a takardunta ba ta taɓa fitowa tsakanin uba da 'ya ba, kuma in maganar ta matso kusa, Baba yakan samu wata igiya da ke bukatar ƙulli.

Wata safiya ya tsaya a bakin ƙofarta, hula a hannu, ya nuna tulun da haɓa.

"Uwata, wannan tulun naki, da gaske abu kan shiga ya yi shekaru ya fito da rai?"

"Yana fitowa, Baba."

"To ki ajiye min shi."

"Na yi maka alkawari," ta ce. Ta faɗa tun kafin ta yi gwaji ko ɗaya, abin da ba za ta taɓa yi wa baƙo ba. Amma wa ke iya kallon fuskar nan ya ce sai mun gani?

Gwajin farko bai zo da daɗi ba. An kai Alƙali ga goɗiyar katako da ake ɗibar iri a kanta, ya yi aikinsa cikin mutunci, ya koma ɗaki. Da ta duba a madubi, ƙwayoyin suna ta ninƙaya kamar na saurayi. Ta haɗa su da ruwan kariya da take yi da gwaiduwar ƙwan kajin Mama, mahaifiyarta, ta ɗura a 'yan siraran tsinkayen roba masu rami, ta sanyaya, ta saukar da su cikin tulun. Washegari ta zaro tsinke ɗaya ta narkar, ta ɗiga, ta duba. Fili ne na gawarwaki. Cikin ɗari, takwas ne kawai ke motsi, su ma kamar an tashe su daga barci. Ƙasa da talatin kuwa ba abin dogaro ba ne.

A kicin ta yi musu bayani, don a nan ne Baba yake zama ya saurara. Mama tana yanka albasa tana ba su baya, amma kunnenta yana wurin. Likita ta buɗe firji ta ɗauko man shanu da kwalbar man girki ta ajiye a tebur.

"Baba, taɓa wannan."

Ya danna man shanun da ɗan yatsa. Ya sandare kamar sabulu. Ta sa wuƙa, ya tsage gida biyu. Ta karkata kwalbar, man ya gangara abinsa.

"Firji ɗaya suka kwana," ta ce. "Kowace ƙwayar iri tana sanye da riga ta maiƙo, siririya ƙwarai, ita ce tantanin da ke riƙe da ranta. In sanyi ya kama ta, wani maiƙon ya sandare ya tsage kamar wannan, abin da ke ciki ya tsiyaye, shi ke nan. Wani maiƙon kuwa yana lanƙwasa, ya jure. Akwai dawakin da Allah ya yi wa riga mai laushi, akwai waɗanda tasu ba ta son sanyi. Ba ƙarfi ba ne, ba kuma kyan jini ba."

"Alƙali dama ba ya son sanyi," Baba ya ce. "Tun yana ƙarami sai da bargo."

"Ya yi gadon mai shi," in ji Mama, ba ta ko juyo ba.

"Ana iya ɗinka masa wata rigar?" ya tambaya.

"Ana gwadawa. Daga abin da yake ci jikinsa ke ɗinka ta. Akwai maiƙo mai laushi a man kifi. In yana sha kullum, sababbin ƙwayoyin da zai yi suna iya fitowa da riga mai ɗan dama. Amma sai an yi kwana sittin, don kusan haka jiki ke ɗauka kafin ya gama ƙera sababbi. Kuma ban ce tabbas ba, Baba. Wani dokin yana yi masa, wani ba ya yi."

Washegari ta kawo galan guda da ɗan kofin awo, ta liƙa kalanda a bangon ɗakin abinci na barga. Rabin kofi kowace safiya a cikin dusa, ya ja layi a kan ranar. Baba ya karɓi galan ɗin da yatsu biyu, ya riƙe shi nesa da rigarsa. Da ta kula da wannan riƙon da ta huta, amma hankalinta yana kan lissafin kwanaki: sittin daga cikin wata biyar, saura wata uku na ko-ta-kwana. Ta ga akwai fili.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Kullum in ta wuce ta ga sabon layi a kalanda, ta ɗaga galan ta ji ya ragu, ta ji daɗi. Baba ya rage hira, ta ɗauka damuwar ƙafar dokin ce. A mako na biyar Mama ta tare ta da ƙorafi, wai maƙwabciya ta dawo mata da ƙwai shida ta ce ƙarni suke yi.

"Shekara talatin ina kiwon kaji, yau ni za a ce wa ƙwaina na ƙarni? Ki dube su fa, 'yar nan, sheƙi suke yi kamar an shafa musu mai. Baƙin ciki ne kawai."

Likita ta ce Allah ya kyauta, ta karɓi nata ƙwan ta wuce.

Ranar sittin da ɗaya aka sake ɗiba. Wannan karon sai da Alƙali ya yi yunƙuri biyu kafin ya hau. Ta fasa ƙwai, ta ware gwaiduwa, ta ji wani ɗan wari ya gifta hancinta amma hannunta na cikin aiki. Washegari ta narkar da tsinke ta duba. Ta ƙirga tara. Ta sake ɗigawa ta ƙirga, tara dai. Wata biyu cur, an tashi daga takwas an koma tara.

Ta zauna a kujera ta zura wa bango ido. Tana tunanin yadda za ta fita ta gaya masa, sai idonta ya sauka a kan sauran ƙwai biyu da ke cikin kwano. Ta ɗauki ɗaya ta fasa a faranti, ta kai hanci. Kifi. Ba ta ko cire farar rigar ba, ta bi ta bayan barga ta nufi akurkin kajin Mama. Ga su nan kuwa, goma sha biyu da zakaransu, sun yi ɓul-ɓul, gashinsu na ɗaukar ido, kaskon dusarsu ya yi baƙi da maiƙo. Baba yana tsugune a gefe yana gyaran waya. Da ya ga fuskarta sai ya ajiye filaya.

"Baba, kajin Mama za mu daskarar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kwana sittin, Baba! Kana jan layi kullum, ina wucewa ina murna! Ka san nawa suka rage masa? Ka san jiya sau biyu ya yi yunƙuri?"

Muryarta ta hau fiye da yadda ta taɓa hawa a gabansa, ita kanta ta ji, kunya ta kama ta amma fushin bai sake ta ba. Mama ta leƙo ta taga, ta ga abin da ake ciki, ta koma ta ja labule.

"Na zuba masa," Baba ya ce a hankali, idonsa a ƙasa. "Ranar farko na zuba yadda kika ce. Ya sunsuna, ya ɗago, ya dube ni. Yana jira." Ya goge tafinsa a gwiwa. "Na ɗiba na kawo nan, daidai bakina. Uwata, na kasa. Na fita na yi amai a bayan barga. Kwana uku ina gwadawa, kwana uku bai ci dusa ba. Na ga tsoho ne, ga ciwo, in bar shi da yunwa? Na ba shi dusa zalla. Man kuma na ga tsada ne da shi, zubarwa asara ce, shi ne na ce bari kajin su amfana."

"Me ya hana ka gaya min?"

"In ce miki me? In ce dokin da na yi wa alkawari, cokali ɗaya ya gagare ni a kansa?"

A nan fushin ya zube mata. Baba ba ya cin kifi. Duk gidan an sani. Tun yana yaro ƙaya ta maƙale masa a wuya har aka fid da rai, tun daga ranar ko warinsa ba ya iya ji. Saboda shi ba a taɓa dafa kifi a tukunyar Mama ba, ita kanta Likita sai da ta je makarantar kwana ta fara ci. Ta san wannan, ta kuma san Alƙali ba ya cin abin da Baba bai ɗanɗana ba. Abu biyu da ta sani tun kafin ta iya karatu, ta karanta takardu sun fi ashirin a kan maiƙon tantani, amma ba ta taɓa ajiye su kusa da juna ba. Ta tsugunna kusa da shi, farar rigarta a cikin kashin kaji.

"Ka yafe min, Baba. Laifina ne. Ni ya kamata in tuna."

"A'a, ni na ɓoye."

"To mu raba," ta ce, tana share ido da bayan hannu. Zakaran ya zo ya tsaya a gabansu yana sheƙi, ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Dariya ta ƙwace mata, Baba ma ya yi, irin wadda ake yi da hanci a toshe.

Suka yi lissafi a nan tsugune. Wata uku suka rage a faɗar likitan ƙashi, in ya yi daidai. Kwana sittin kuma ba a rage su. Ta ce za ta nemo man da aka cire wa wari, ko ta gwada na wani tsiro, ko a samu wani ya riƙa ɗanɗanawa. Baba ya girgiza kai. Odar sabon mai sai ta ci mako biyu, kuma Alƙali ba ya karɓar shaidar kowa sai tasa.

"Kawo cokali," ya ce.

Washegari da safe su uku suka tsaya a ɗakin farko, don Mama ta ce wannan kallo ba ya wuce ta. Likita ta gauraya rabin kofi a dusa ta zuba a komi. Alƙali ya sunsuna, ya ɗago, ya kafe Baba da ido. Tsohon ya cika cokali daga galan, ya yi bisimilla, ya rufe ido ya kai baki. Fuskarsa ta tattare wuri guda. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka, ya sake hawa, Likita ta miƙo bokiti, ya ture shi da gwiwar hannu. Hawaye na bin kumatunsa ya buɗe baki ya nuna wa dokin babu komai a ciki.

"Ka gani? Daɗi," ya ce da muryar da ba ta yi kama da daɗi ba ko kaɗan.

Alƙali ya daɗe yana nazarin shari'ar. Sannan ya sa kai a komi ya fara ci. Baba ya jira har ya ga ya yi loma biyar, ya fita da sauri irin ta mutumin da ake kira a waje, Mama ta bi shi da lemon tsami da ta riga ta yanko tun daga gida.

Sun yi zaton bayan mako guda dokin zai saba ya yafe wa Baba. Ina! Alƙali ba ya yanke hukuncin yau da shaidar jiya. Kowace safiya sai an sha a gabansa. Haka Baba ya yi ta sha, yana jan layi a kalanda, yanzu kuwa Likita na tsaye ake ja. Ma'aikata suka fara ba shi hanya tun daga nesa. Mama ta ware masa kofinsa da cokalinsa, ta matsar da kujerarsa kusa da taga.

"Ni dai mutum na aura," takan ce, "ga shi da tsufana an musanya min da tarwaɗa. Malam, in ka ji kana son komawa ruwa ka faɗa min da wuri."

"Gwiwata ta daina ciwo," yakan amsa. "Ke ma ki gwada."

"Allah ya kiyashe ni. Kajina ma sun tuba."

Likita ba ta zauna jiran mai kaɗai ba. Ta yi ta gwaji da irin wasu dawakin, tana canza yadda take sanyayawa, a hankali a hankali don kada maiƙon ya sandare farat ɗaya, ta ƙara wani sinadarin maiƙo da ke shiga rigar ya taimaka mata ta jure. Da yamma takan tsaya a bakin ɗakin farko tana kallon Baba yana murza wa dokin gaɓoɓi da ruwan ɗumi, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ƙafar tana ƙara lalacewa a kan idonsu. Wata safiya a mako na bakwai sai da mutum uku suka taimaka kafin ya tashi. Ta so ta ce a ɗiba yanzu kafin a rasa duka, ta san kuma in an ɗiba yanzu rabin ƙwayoyin tsofaffin riguna ne a jikinsu. Ta kwana biyu tana juya abin, ta tambayi Baba.

"Zai kai," ya ce. "Na gaya masa saura kwana goma sha ɗaya."

Ranar da kwanakin suka cika, an shimfiɗa tabarmar roba don kada ya zame, an rage tsayin goɗiyar katako iya yadda take raguwa. Baba ne ya riƙe linzami. Alƙali ya yi yunƙurin farko, ƙafar hagu ta lanƙwashe, ya dawo ƙasa. Ya yi na biyu, ya dawo, yana huci, gumi ya jiƙa masa wuya. Likita ta ɗaga hannu za ta ce a bari, don alkawari bai kai a karya tsoho a kansa ba. Baba ya kai bakinsa kunnen dokin ya faɗi abin da babu wanda ya ji. Suka tsaya su biyu, goshi da goshi. A na uku ya hau. Da ya sauko ƙafafunsa na karkarwa, duk wanda ke wurin ya san ba zai ƙara hawa ba.

Tsinke arba'in da biyu ta samu. Washegari ta zaro ɗaya, ta narkar, ta ɗiga a gilashi, ta kasa dubawa. Ta juya ta ga Baba a bakin ƙofa, hula a hannu, inda ya saba tsayawa.

"Shigo, Baba."

"Daga nan ma ina ji."

"Shigo. Ni tsoro nake ji."

Ya goge takalmansa ya fi sau biyar, ya shigo yana takawa kamar ƙasan ƙwai ne. Ta duba. Ta ƙirga da ɗan abin ƙirge a hannunta, ta matsa gefe ta ƙirga, ta sake matsawa. Talatin da uku. Talatin da ɗaya. Talatin da huɗu. Ba abin a buga ganga ba ne, akwai dawakin da ke ba da sittin ba tare da an sha musu komai ba. Amma ya haye. Ta ja shi ta zaunar a kujerar, ta nuna masa yadda zai rufe ido ɗaya. Ya daɗe a sunkuye.

"Waɗannan masu gudun?"

"Su ne."

"Jiya suna cikin ƙanƙara?"

"Tun jiya da rana."

"Kai! Ga wani can ya tsaya yana kallon sauran. Wannan shi ne ɗansa, wallahi." Ya ɗago idonsa jajir. "Man ne ya yi, ko?"

Ta yi niyyar cewa e. Amma ta riga ta ga abin da ɓoye-ɓoye ya jawo musu.

"Ban sani ba, Baba. Na canza abu uku a lokaci guda. Ko man ne, ko sanyayawar, ko sinadarin, ko duka."

"Ke ba ki sani ba," ya ce yana sa hularsa. "Ni da na sha na sani."

Alƙali ya ƙara wata huɗu yana kiwo a ɗan filin da ke gaban barga, babu aiki, babu man kifi, sai karas da Baba ke gutsura ya miƙa masa. Wata safiya ya kwanta a inda rana ke fara sauka, bai tashi ba. Baba ya zauna kusa da kansa har aka zo da mota. Bai yi kuka a gaban mutane ba. Ya share ɗakin farko, ya zuba sabuwar ciyawa, ya ja ƙyaure ya rufe, ya ce kada a sa kowa.

Bayan kwana uku Likita ta zo aiki ta same shi a ƙofar ɗakin gwaji, da wani abu naɗe a hammata. Wannan karon bai jira an ce ya shigo ba. Ya ce ta koya masa yadda ake duba ruwan sanyin da ke cikin tulun. Ta ba shi safar hannu da baƙar sandar awo, ta nuna masa yadda ake zurawa, a zaro, a kaɗa a iska, farin sanyi ya fito ya nuna inda ruwan ya tsaya. In ya sauka ƙasa da jan layin nan, a ƙara. Ya gwada sau biyu, ya ce daga yau aikinsa ne, kowace safiya kafin ya ba jar goɗiya abinci.

"Sanyin da ke ciki ya kai nawa?" ya tambaya.

"Ɗari da casa'in da shida ƙasa da sifili."

Ya jinjina kai. "Shekara biyu a haka. Shi da ba ya son sanyi."

Sai ya warware abin da ke hammatarsa. Tsohon bargon Alƙali ne, mai ruwan toka, wanda Mama ta yi wa faci a wuri uku, har yanzu da baƙin gashi a jikinsa. Ya yafa wa tulun, ya zagaya ya ja gefe da gefe, ya daddaɓa shi sau biyu kamar yadda yake yi a wuyan doki.

Likita ta buɗe baki. Tana da bayani a shirye, cewa sanyin shi ake so, cewa tulun bango biyu ne da shi, bargo ba ya ƙara masa komai ba ya rage masa. Ta dubi hannun da ke kan bargon, ta mayar da bakinta ta rufe. Ta matso ta naɗe bakin bargon daga kan murfin don tururi ya samu hanyar fita, sannan ta tsugunna ta ja ɗaya gefen ta rufe inda ya bari a buɗe.